Tabawa da Riƙon Marka

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne da masu gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mu ga inda za ta sauka.

To, ku matso. Ke Sahura, ki bar tsokanar ƙanenki, in ba haka ba in naɗe tabarmata in ba ku wuri.

An yi wata mata a wani gari, sunanta Tabawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata gida da rumbu da 'yan dabbobi. 'Ya'ya bakwai ta haifa, ta raine su, ta aurar, kowa ya kama gabansa. Mace ce mai sakin hannu, ba a shiga gidanta a fito da yunwa. Aibinta guda ne: ba a koya mata komai. Ko cewa ka yi gishiri ya yi yawa a miya, sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni da na raini bakwai?" Shi ke nan an rufe magana.

A ƙarshen unguwarsu kuma akwai wata matashiya mai suna Lantana, sana'arta dakau. Ku 'yan zamanin inji ba ku san dakau ba. Mace ce ke bin gidaje tana yi wa mutane surfe da daka, a sallame ta da ɗan abin da ya samu. Mijin Lantana ya tafi cin rani, shiru kake ji. Abin da ta mallaka a duniya taɓaryarta ce da 'yarta Marka, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Magana ma ba ta iya ba, daga "Inna" sai "ruwa".

Rannan sai agana ta kama Lantana. A wancan zamani in wannan ciwo ya kama mutum, bukka ake kafa masa a bayan gari, a riƙa ajiye masa abinci a bakin hanya, ba mai matsawa kusa. Aka kai Lantana bukka. Aka ɓanɓare Marka daga bayanta tana tsala kuka. Mai unguwa ya tara mata ya ce, "Ɗa na kowa ne. Wace ce za ta riƙe yarinyar nan har Allah Ya yi ikonSa?"

Wannan ta dubi ƙasa. Waccan ta ce gidanta ya cika. Tsoro suke ji, kada yarinyar ta shigo musu da ciwo. Sai Tabawa ta miƙe ta ce, "Ku ba ni ita. Ni da na raini bakwai, ta takwas ce za ta gagare ni?"

Mai unguwa ya sa mata albarka, mata suka yi ajiyar zuciya, Tabawa ta rungumi Marka ta nufi gida.

Ku ji irin son da ta nuna mata. Ta ɗora ruwa ta yi mata wanka sau biyu, ta shafe ta da man kaɗanya, ta sa mata sabuwar riga da kwalli. Tsohon majanyin da Lantana ke goya ta da shi kuwa, duk ya yi baƙi ya yayyage, sai Tabawa ta ɗaga shi da tsinke ta wurga kan ƙayar danga a bayan gida. Ta ce, "'Yar da ke hannuna ba za a gan ta da tsumma ba." Sannan ta kafa doka: kada a sake ɗaga taɓarya a gidanta, kada ƙarar daka ta firgita baƙuwa. Aka kife turmi a gefe. Gida ya yi tsit.

Ranar farko ta dama kunun gyaɗa. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta zaunar da Marka, ta ɗauko sabon ƙoƙo da ɗan ludayi. "Ha bakinki, 'yar lele." Marka ta datse baki, ta kau da kai, ta yi ta kuka har rana ta faɗi.

Rana ta biyu ta dama fura da nono mai kauri. Tabarma, ƙoƙo, ludayi. "Ha bakinki, 'yar lele." Marka ta datse baki, ta kau da kai, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe.

Rana ta uku ta yi farfesun 'yan shila, ta samo zuma. Tabarma, ƙoƙo, ludayi. "Ha bakinki, 'yar lele." Marka ba ta ko kau da kai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dai kwanta ta zuba wa ƙofa ido. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma da ƙyar.

Nan fa Tabawa ta matso kusa da ita. Wadda ta raini bakwai ta san kukan yaro ba abin tsoro ba ne, shirunsa ne abin tsoro. Ta ɗaga hannun yarinyar ta ji ba nauyi. Ta san in aka ƙara kwana biyu a haka, gawa za ta mayar wa mai unguwa.

To, ashe kukan nan na kwana biyu ya isa kunnen Kura a daji. Kun san Kura, in ta ji kukan yaro yawu ne ke tsinke mata. Sai ta saci zane a shanya ta yi lulluɓi, ta rataya carbi a wuya, ta zo ƙofar Tabawa da yamma tana maƙe murya.

"Salamu alaikum, masu gida. Ni ce Inna mai rarrashi. Na ji an ce kina da yarinyar da ta ƙi ci."

Tabawa ta ce, "Haka ne, baiwar Allah. Kina da magani?"

Kura ta ce, "Magani sai wanda kika zaɓa. Ki goya mini ita in tafi da ita gidana can gindin kuka. Duk yaron da aka ba ni, daga ranar uwarsa ba ta sake jin kukansa ba. Ba ta kuma sake wahalar dama masa kunu ba."

Kai Ɗanliti, dariyar me kake yi? Ai gaskiya ta faɗa, ja'ira. Tabawa kuwa hankalinta ba ya jikinta, ba ta lura da ƙafafun baƙuwar ba. Ta ce, "Ki ba ni zuwa gobe da magariba. In ba ta ci ba, ki zo ki tafi da ita." Kura ta ce madalla, ta juya tana haɗiyar yawu.

Da gari ya waye, Tabawa ta zauna bakin turken akuyarta ta haɗa kai da gwiwa tana hawaye. Sai Akuya ta daina tuƙa ta ce, "Uwar gida, in faɗi magana?"

Tabawa ta buɗe baki za ta ce ni da na raini bakwai, sai ta fasa. Ta ce, "Faɗi."

Akuya ta ce, "Mu a wurinmu, ɗa da hanci yake sanin uwa. Kin wanke yarinyar nan sau biyu, kin shafe ta da mai, kin jefar da majanyinta. Duk inda ta shinshina ba ta jin uwarta. Ita a ganinta duniya ce ta ƙare. Majanyin yana nan kan danga, rana ta gasa shi kwana uku, ba abin da ya rage a jikinsa sai warin mai shi. Na ɗan ci gefe guda, ki yafe ni, amma saura yana nan."

Tabawa ta je ta ciro majanyin daga ƙaya, wannan karon da hannunta. Ta kawo ta ajiye kusa da Marka. Yarinyar ta shinshina, ta damƙe shi da hannu biyu, ta cusa fuska a ciki, ta ce, "Inna." Sai barci ya kwashe ta, irin wanda ba ta yi ba tun da ta zo. Tabawa ta yi murna, ta ruga ta dama kunu. Da Marka ta farka, tabarma, ƙoƙo, ludayi. Marka ta rungume majanyi, ta datse baki.

Tabawa ta fito tsakar gida ta zauna daɓas. Sai ga Kaza ta zo wucewa, da 'ya'yan agwagwa guda shida a bayanta. Ta tsaya ta karkata kai ta ce, "Uwar gida, ni ma in faɗi tawa?"

Tabawa ta ce, "Faɗi, yau ranar jina ce."

Kaza ta ce, "A gidan nan ba wanda ya kai ni sanin riƙo. Ke da kanki kike sa mini ƙwan zabi in kwanta a kai, ki sa mini na agwagwa. Da farko na sha wahala. Ina tona musu ƙasa ina kira, su kuwa sai su nufi kwatami su faɗa ruwa. In tsaya a baki ina ihu, ina cewa za su mutu. Rannan na gaji, na taka na je wurin Agwagwa na ce, 'Yaya 'ya'yanki suke ci? Yaya suke kwana?' Ta gaya mini. Tun daga ranar muka zauna lafiya. Ke kin je kin tambayi uwar yarinyar nan?"

Ku sani, a garin nan abin kunya ne wadda aka ba riƙo ta koma wurin uwar ɗa da tambaya. Kamar ta ce ne na kasa. Ballantana Tabawa, a ce ta je gaban 'yar dakau, sa'ar 'yarta ta uku, ta ce koya mini raino. Ga kuma tsoron ciwo. Ta ce, "Mutane za su ce me?"

Kaza ta ce, "In ta mutu ma za su ce wani abu. Zaɓi wanda za ki iya ji."

Ta kaɗa 'ya'yanta ta wuce. Tabawa ta leƙa ɗaki ta ga yadda haƙarƙarin Marka ke ɗagawa a hankali. Ta yafa mayafi, ta roƙi maƙwabciya ta zauna da yarinyar, ta bi ta tsakiyar gari da rana tsaka, kowa yana gani, ta nufi bayan gari.

Ta tsaya nesa da bukka, inda ake ajiye abinci, ta ɗaga murya. "Lantana, kina ji na? Ni ce Tabawa."

Aka daɗe, sannan wata siririyar murya ta fito daga ciki. "Iya, ta mutu ne?"

"Ba ta mutu ba. Amma yau kwana huɗu ba ta ci ba. Na yi kunu, na yi fura, na yi farfesu. Na kasa, 'yar nan. Na zo ki koya mini. Yaya kike ba ta abinci?"

Lantana ta ce, "A ina kike ba ta, Iya?"

"A kan tabarma mana, kamar kowane ɗa. Da ƙoƙo da ludayi. Na hana ko daka a gidan don kada a dame ta."

Sai Tabawa ta ji wani sauti daga bukka, ta rasa kuka ne ko dariya. Lantana ta ce, "Wayyo Iya. Marka ba ta taɓa ci a zaune ba. Ni yaushe na zauna? Daga asuba har magariba ina kan turmin mutane, tana bayana. In na yi surfe na jiƙa, na kirɓa gumba, sai in ɗan gutsura in miƙa mata ta kan kafaɗar hagu, ban ko waiwaya ba. Masu hatsi sun sani, sun yafe mini. Ba ta san ludayi ba. In ba ta ji taɓarya tana sauka ba, ba ta san lokacin ci ya yi ba. Kuma akwai 'yar waƙar da nake yi mata."

Ta rera waƙar daga kwance, numfashi yana yanke mata. Tabawa ta maimaita sau uku har ta zauna mata. Ta ce, "Allah Ya tashi kafaɗunki, 'yar nan." Ta juya gida, sauri kamar ba tsohuwa ba.

Tana shiga ta ce a tayar da turmi. Rabonta da taɓarya shekara goma, tun da bayanta ya fara ciwo. Ta ɗebo gero ta surfa, ta wanke, ta jiƙa. Ta ɗauki Marka, jiki duk ya saki, ta goya ta da tsohon majanyin nan mai cin akuya a gefe. Ta ɗaga taɓarya ta sauke, ta ɗaga ta sauke, tana waƙa da muryarta ta tsufa:

"Tim, tim, taɓarya,
Gero na masu gida,
Gumi na mai daka,
Loma ta 'yar baya."

Ta gutsuri gumba ta miƙa ta kan kafaɗar hagu. Shiru. Ta so ta waiwaya, ta tuna an ce ba a waiwaye. Ta ci gaba.

"Tim, tim, taɓarya,
Gero na masu gida,
Gumi na mai daka,
Loma ta 'yar baya."

Ta sake miƙawa. Ta ji ɗan kai ya motsa a bayanta, ya ɗago daga kwanciya, amma ba a karɓa ba. Gumi ya jiƙe ta, bayanta kamar zai tsage. Ta ce a ranta, ko zan faɗi a kan turmin nan sai na ƙara. Ta ɗaga taɓarya.

"Tim, tim, taɓarya,
Gero na masu gida,
Gumi na mai daka,
Loma ta 'yar baya."

Ta miƙa ta uku. Sai ta ji ɗan baki mai ɗumi ya kama yatsunta. Ya tsotse gumbar tas. Can sai ɗan hannu ya daki kafaɗarta, wato a ƙaro.

Tabawa ta yi ta daka tana miƙawa, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Tana cewa alhamdu lillahi, tana waƙa, duk ta haɗa su wuri guda. Maƙwabta suka ji daka a gidan da aka hana daka, suka leƙo. Da suka ga abin da ke faruwa, kunya ta kama waɗanda suka dubi ƙasa a gaban mai unguwa. Ɗaya ta karɓi taɓarya ta ce, "Iya, ke dai tsaya da goyon kina rausaya, mu za mu daka." Nan take suka raba kwanaki, kullum mace biyu za su kawo dakansu gidan Tabawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ana cikin haka magariba ta kawo kai, sai ga sallama a ƙofa. "Ni ce Inna mai rarrashi, na zo ɗaukar 'yata."

Yanzu kam hankalin Tabawa ya dawo jikinta. Ta leƙa ta zaure, ta dubi ƙasan lulluɓi, ta ga ƙafafu masu gashi da dabbare-dabbare. Sai ta gane Kura ce, ta tuna abin da ta kusa yi. Ta dawo ta raɗa wa matan. Akwai wani tsohon turmi na itacen kirya a bayan rumbu, ya tsage, maza biyu ke ɗaga shi. Suka naɗe shi da zane, suka kinkimo shi su huɗu.

Tabawa ta ce, "Inna mai rarrashi, duƙa a goya miki. Barci take yi, kada ki waiwaya ki tashe ta."

Kura ta duƙa. Suka aza mata turmi a gadon baya, suka ɗaure da igiyar rijiya, ƙulli bakwai. Kura ta yi nishi ta ce, "Wannan ce yarinyar da ba ta ci ba kwana huɗu?"

Tabawa ta ce, "Kumburin yunwa ne."

Kura ta ce a ranta, yau akwai shagali. Ta zabura ta yi daji. Tana gudu turmi yana dukan ƙugunta, tana cewa, "Yi haƙuri 'yar nan, mun kusa." Kafin ta kai gindin kuka bayanta ya lotsa. Ta yi birgima, ta yi cizo, igiya ta ƙi kwancewa sai da ta kwana uku. Da zane ya buɗe ta kai wa abin cizo, haƙori ya gamu da kirya. Shi ya sa har gobe in kun ga kura za ku ga gabanta a sama, bayanta a ƙasa.

Tabawa ba ta manta alheri ba. Ta cika wa Akuya kwano da dusa, ta watsa wa Kaza tsaki har ya yi saura. Ta durƙusa a gabansu, tsohuwa da ita, ta ce, "Na gode. Kun san abin da ban sani ba."

Washegari da hantsi ta goya Marka, ciki ya ɗan taso, ido ya buɗe. Ta tafi bayan gari ta tsaya inda ta tsaya jiya. Ta juya baya ga bukka don a ga goyon da kyau, ta ɗaga murya.

"Lantana, leƙo ki gani. Ta ci. Jiya ta ci, yau da safe ma ta ci, har ta ja mini kunne."

Asabarin bukka ya motsa. Lantana ta rarrafo bakin ƙofa ta tsura wa 'yarta ido daga nesa. Sannan ta ce, "Iya, ban san da bakin da zan gode miki ba."

Tabawa ta ce, "Ni ce da godiya. Bakwai na raina, amma ke kika koya mini ta takwas."

Lantana ta share fuska da gefen zane. Ta ce, "Iya, tun ranar da aka ɗauke ta daga bayana ban sa komai a bakina ba. Abincin da ake ajiyewa karnuka ke cinyewa. Na ce in ita ba ta ci ba, ni me zan ci? In akwai sauran gumbar nan, ki ajiye mini a bakin hanya. Yanzu nake jin yunwa."

Tabawa ta kwance ƙullin da ta zo da shi don Marka, ta raba biyu, ta ajiye rabi a kan ganye. Ta ja da baya ta tsaya, ba ta tafi ba sai da ta ga Lantana ta kai loma baki.

Lantana ta tashi daga ciwon nan. Da ta dawo gari Tabawa ba ta bar ta ta koma kangonta ba, ta share mata ɗaki a gidanta. Marka ta girma tana kiran ɗaya Inna, ɗaya Iya, kuma ba wadda ta taɓa cewa tawa ce ni kaɗai.

To, kun ji. In Allah Ya sa aka ba ɗayanku riƙon ɗan wani, ku sani bai zo muku hannu wofi ba, komai ƙanƙantarsa. Ya zo da warin gidansu da waƙarsu da yadda ya saba ci. Kada ku wanke masa su don kuna ganin naku ya fi. Ku tambaya, ko da wanda za ku tambaya bai kai ku ba, matambayi ba ya ɓata. In kuma maƙwabci ne ya ɗauki riƙon, ku kai masa hannu, kada ku tsaya leƙe ta danga.

Kurunkus kan ɗan kusu. Wanda gyangyaɗi ya sace, gobe ya nemi labarin a bakin Sahura, ni kam na naɗe tabarmata.